Ciwon gwiwar hannu a ofis: Dalilin da ya sa allura ba ta raba ma'aikaci da shi

Da ƙaramin abu yakan fara. Ma'aikaci ya ɗaga butar shayi ko ya murɗa makullin ƙofa, sai ya ji zogi a gefen waje na gwiwar hannunsa. Bayan 'yan makonni, musabaha ma ta zame masa aiki. Likitoci na kiran wannan lalura gwiwar ɗan tanis, amma sunan na ruɗar mutane, domin akasarin masu fama da ita ba su taɓa shiga filin tanis ba. Hasali ma, likitan Jamus mai suna Runge, wanda ya fara bayyana ta a 1873, da masu yawan rubutu da alƙalami ya danganta ta. Yau linzamin kwamfuta ne ya gaji alƙalamin.

Tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu da yatsu duk suna haɗuwa ne a jijiya guda da ke manne da ɗan tudun ƙashin nan na gefen gwiwa. Duk sa'ad da mutum ya karya wuyan hannunsa sama yana danna linzami, jijiyar ce ke ɗaukar nauyin. Dannawa ɗaya ba komai ba ce. Ta awa takwas kullum, wata da watanni, ita ke sa zarurrukan jijiyar su riƙa sassaɓulewa fiye da yadda jiki ke iya gyara su. Lalurar na kama mutum ɗaya zuwa uku cikin ɗari, galibi 'yan shekara 35 zuwa 54.

Wannan ne ya sa magungunan kashe zogi da ake saye a kemis ba sa kai wa ga tushen matsalar: lalacewar jijiya ce, ba kumburi zalla ba. Allurar sitiroyid kuwa, da mutane da yawa ke nema don sauƙin gaggawa, labarinta ya fi muni. Wani gwaji da aka yi a Ostareliya kan mutum 198, wanda mujallar BMJ ta wallafa a 2006, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa allurar sun fi kowa samun sauƙi a mako shida na farko, amma ciwon ya dawo wa kashi 72 cikin ɗari daga cikinsu. Waɗanda suka bi hanyar gashin ƙashi da motsa hannu sun riga masu zaman jira samun sauƙi, ko da yake bayan shekara guda ɓangarorin biyu sun zo kusan kunnen doki. Ma'ana, lokaci na warkar da mafi yawan masu ciwon, muddin an daina fama wa jijiyar.

Nan ne tebur ya shigo. Ana son gwiwa ta kasance kusa da jiki, a lanƙwashe kamar kusurwar bango, damtse a sake, wuyan hannu a miƙe. Linzamin da aka ajiye nesa, ko teburin da ya fi kujera tsayi sosai, su ne manyan masu laifi. Mai aiki da kwamfutar cinya tun safe har yamma na bukatar allon madannai da linzami na daban. A riƙa saki ana hutawa, kuma idan za a ɗauki fayil ko jaka, tafin hannu ya kalli sama.

Atisayen da likitocin gashin ƙashi suka fi koyarwa ba ya bukatar na'ura. Mutum ya ɗora hannunsa a kan tebur, tafin na kallon ƙasa, riƙe da ƙaramar gorar ruwa. Ya ɗaga shi da taimakon ɗaya hannun, sannan ya sauke a hankali. Ana ƙara nauyin sannu a hankali cikin makonni, kuma gara ƙwararre ya tsara shi. Asibitin Ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa duk suna da wannan sashe. Idan akwai dindiris a yatsu, ko kumburi bayan faɗuwa, to magana ta canza, sai an ga likita.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika tattaunawa ba: wa zai biya? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya wannan ciwo, idan aiki mai maimaituwa da ƙarfi ne ya jawo shi, cikin jerin cututtukan sana'a da ta sabunta a 2010. A shekarar ce Najeriya ta kafa dokar biyan diyyar ma'aikata, wadda ta wajabta wa masu ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF. Ma'aikacin da ke son bin haƙƙinsa sai ya fara da rahoton likita da ya ambaci irin aikin da yake yi, da kuma sanar da shugabansa a rubuce, ba da baki ba.