Idan Kayan Aiki Ya Zama Maraya

A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta rufe kasuwanni da masana'antu a Amurka, gwamnan jihar New Jersey, Phil Murphy, ya fito gaban 'yan jarida yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL. Ɗaruruwan dubban mutane sun rasa aiki cikin 'yan makonni, sun yi cincirindo a shafin neman tallafi, tsarin kwamfutar da ke karɓar buƙatunsu kuwa ya haura shekara 40 yana aiki. COBOL harshe ne na ba kwamfuta umarni da aka tsara tun 1959, kuma da yawa daga cikin gwanayensa sun yi ritaya.

Masu rubuta manhaja sun daɗe da rabuwa gida biyu a kan irin wannan labari. Wasu na cewa zamani riga ne, duk wanda bai rungumi sabon kayan aiki ba za a tafi a bar shi. Wasu kuma na cewa da tsohuwar zuma ake magani, tunda har gobe bankuna da ma'aikatun gwamnati da dama suna lissafin kuɗin jama'a da wannan COBOL ɗin. A ganina duka ɓangarorin sun zuba ido ga shekarun kayan aiki, alhali abin dubawa shi ne ko har yanzu akwai masu kula da shi.

Kowace manhaja tana da kurakurai, wasunsu ƙofofi ne da masu kutse ke bi su shiga. Muddin waɗanda suka ƙera ta suna nan, idan aka gano ɓaraka sai su fitar da faci, kowa ya ɗora a tasa. Ranar da suka sanar sun janye hannu, manhajar ta zama marainiya. Za ta ci gaba da aiki kamar kullum, kuma wannan ne ke yaudarar mutane, amma duk ramin da aka gano daga ranar a buɗe zai zauna.

Harshen Python ya nuna yadda abin yake. An fitar da Python 3 a Disambar 2008, kuma abin da aka rubuta da Python 2 ba ya tafiya a kansa sai an yi gyara. Mutane suka ƙi ƙaura. An sa 2015 a matsayin ƙarshen kula da tsohon, aka ga jama'a ba su shirya ba, aka ɗaga zuwa 1 ga Janairun 2020. Shekara 11 ke nan ana gargaɗi, duk da haka wa'adin ya riski kamfanoni da yawa ba su gama ba. Waɗanda suka fara da wuri sun yi aikin sannu a hankali. Waɗanda suka jira sun yi shi cikin gaggawa da tsada. Masu sana'ar Flash, manhajar da ake nuna bidiyo da wasanni da ita a shafukan intanet, su ma sun samu alama tun 2010, da Steve Jobs ya bayyana dalilansa na hana shi shiga iPhone, kafin Adobe ya rufe babinsa a ƙarshen 2020.

Wani lokaci ma facin yana nan, ɗorawa ce ba a yi ba. A watan Maris na 2017 aka fitar da gyaran wata ɓaraka a manhajar Apache Struts. Kamfanin Equifax, mai ajiye bayanan bashin Amurkawa, bai ɗora shi a inda ya kamata ba. Daga watan Mayu masu kutse suka shiga, suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 147, har da lambobin shaidarsu da ranakun haihuwarsu. Waɗannan mutane ba su san sunan Struts ba, ba su kuma zaɓe shi ba, amma su suka ɗauki asarar. Shi ya sa nake ɗaukar sabunta ilimi a wannan sana'a a matsayin amana, fiye da hanyar samun ƙarin albashi.

Sai dai bin kowane sabon abu ma yana da nasa tsadar, kuma matasa ne suka fi biyan ta. Google ya fitar da AngularJS a 2010, mutane suka gina shafuka masu yawa a kansa. A 2016 aka fito da Angular 2, wanda aka sake rubutawa daga tushe, har ya zama kusan sabon karatu. A Maris ɗin wannan shekarar wani mai rubuta manhaja ya janye wata 'yar guntuwar manhaja mai layi 11, sunanta left-pad, daga rumbun npm, sai dubban ayyuka suka tsaya cak, domin kowa ya jingina da abin da bai taɓa buɗewa ya karanta ba.

A gefe guda kuma, harshen C da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970 har yau shi ne ƙashin bayan Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. SQL, da ake tambayar rumbun bayanai da shi, sa'ansa ne. Git, mai bin diddigin canje-canje a rubutun manhaja, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, ya zama ruwan dare. Dukkansu tsofaffi ne, amma ba marayu ba ne, akwai dubban hannaye a kansu. Wanda ya fahimci yadda kwamfuta ke sarrafa ma'adanarta, yadda ake tsara bayanai, da yadda saƙo ke tafiya a intanet, sabon kayan aiki ba ya ɗaukarsa dogon lokaci. Su kansu masu Linux ba su rufe ƙofa ba: a ƙarshen 2022 sun fara karɓar harshen Rust, wanda ke toshe wani rukunin kurakuran ma'adana tun kafin manhaja ta fara aiki. Sun yi hakan ne bayan doguwar muhawara, kuma kaɗan-kaɗan.

Wannan ya shafi matasan Kano da Kaduna da ke koyon sana'ar, ciki har da masu shiga shirin 3MTT da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2023. Mai sayen data da kuɗin aljihunsa, yana jiran a kawo wuta, ba shi da lokacin ɓatawa a kan duk abin da ake yayi. Gara ya riƙe harshe ɗaya ya iya shi sosai, ya saba da karanta sanarwar da ke fitowa tare da kowane sabon zubi, ya kuma san ranar da za a daina kula da abin da yake amfani da shi. Ana wallafa waɗannan ranaku a fili, kyauta.

Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, tun daga GitHub Copilot a 2021 zuwa ChatGPT a ƙarshen 2022. Ƙin koyonta wauta ce, domin tana rage wahala ƙwarai. Amma takan kawo tsohon salon da aka daina, wani lokaci har ta ƙago sunan manhajar da babu ita a duniya, kuma wanda bai san tushe ba ba zai gane ba.

Akwai wani wa'adin ma a gaba. Tsare-tsare da yawa suna ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, a gurbi mai bit 32, kuma gurbin zai cika ranar 19 ga Janairun 2038. Sababbin zubin Linux sun riga sun faɗaɗa shi. Waɗanda abin zai shafa su ne na'urorin da aka dasa a masana'antu da ofisoshi, aka daina sabunta su.