Faɗan Manoma da Makiyaya, da Illarsa ga Makarantun Ƙauye

Ƙasar Danja ƙasar noma ce, masara da dawa da damina, rake da tumatir a fadama da rani. Da jama'a suka yawaita, gonaki suka ci burtali, lambuna kuma suka rufe mashaya. In shanu sun rasa hanya sai su faɗa gona, daga nan sai rikici.

Abin lura shi ne, galibi da kaka a ke ɓarnan nan, watau daidai zangon farko na shekarar karatu. Manomi ya kan tsare ɗansa gadin amfanin gona. Bafillace kuwa, in an matsa masa, sai ya tashi rugarsa, 'ya'yansa sun bar aji ke nan. Malamin da ke zuwa daga Funtua shi ma ya kan ɗauke ƙafa don tsoro. Yaron da ya rasa wata biyu, da wuya ya cim ma 'yan ajinsu.

A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe dazuzzukan kiwo, a 1989 kuma aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya. Amma doka ba ta tsare burtali sai da idon hakimi.

Saboda haka ana roƙon hakimai su zaga burtali tare da dagatai da arɗo tun kafin shuka. Malaman hakimai kuwa su riƙa duba rajistar makaranta kowane wata. In yara sun ragu a wani ƙauye, lalle a bincika ko akwai ƙarar ɓarna wadda ba a kashe ba.