Matsayin Fata da Juriya a Alhinin Tsofaffin da Suka Rasa Abokan Zama

1.0 Gabatarwa

Rasuwar miji ko mata bayan an daɗe ana zaman aure tana cikin manyan jarabawowin tsufa. Wanda aka bari ya rasa abokin hira da shawara, wani lokaci har da mai ciyarwa. Wannan takarda za ta duba yadda fata da dabarun juriya suke tasiri a kan wannan alhini.

2.0 Juriya

A shekarar 1999 Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka bayyana cewa mai alhini yana kai da komo ne tsakanin abubuwa biyu. Na farko shi ne fuskantar rashin, wato kuka da tuna mamaci. Na biyu shi ne gyara rayuwa, kamar koyon riƙe kuɗin cefane ko komawa sana'a. A ganinsu, wannan kai da komon shi ke kawo sauƙi, kuma wanda ya kafe a ɓangare ɗaya ya fi shan wahala.

3.0 Fata

Charles Snyder na Jami'ar Kansas ta Amurka ya ce fata ya ƙunshi buri, da sanin hanyar cim masa, da ƙarfin gwiwar bin hanyar. Tsohuwar da ke son ganin auren jikarta tana da dalilin cin abinci da shan magani. Ke nan fata ne ke jan mutum zuwa ɓangare na biyu.

Binciken George Bonanno da abokan aikinsa na 2002 a kan mutum 205 a yankin Detroit ya nuna kusan kashi 46 cikin 100 sun jure ba tare da doguwar damuwa ba, yayin da kusan kashi 16 alhini ya zame musu ciwo mai daɗewa.

4.0 A Ƙasar Hausa

Zaman makoki da gaisuwar ta'aziyya suna ba da damar fuskantar rashin cikin jama'a. Takaba kuma, wata 4 da kwana 10, tana da ranar fita. Matsalar takan taso ne bayan masu gaisuwa sun watse, musamman ga tsohon da aka hore shi da ɓoye hawaye.

5.0 Kammalawa

Faɗin "a yi haƙuri" kaɗai bai wadatar ba. Ya kamata dangi su bar tsoho ya ambaci mamaci, su kuma damƙa masa wata hidima a gida. Idan an haura wata 6 alhini ya hana shi harkokin yau da kullum, a kai shi ga likita.