Mutumin da jini ya yi wa yawa

Ga kacici-kacici. A gasar Olamfik ta 1964 a Innsbruck, ƙasar Ostiriya, wani ɗan Finlan mai suna Eero Mäntyranta ya lashe tseren zamiya na kilomita 15 a kan dusar ƙanƙara, ya bai wa na biyu tazarar daƙiƙa 40. A na kilomita 30 kuwa, tazarar ta wuce minti guda. Ba dogo ba ne, ba ƙato ba ne. Fuskarsa dai ja wur. Ina sirrin?

Wasu suka ce ai tun yana yaro a yankin Lapland yake zamiya a kan daskararren tafki zuwa makaranta. To, da tafiyar makaranta ce ke yin zakara, da yaran ƙauyukan Mayahi da ke keta rairayi kowace safiya sun cika gida da lambobin zinariya. Mu ajiye wannan.

Sai aka koma kan maguɗi. Wannan tsere numfashi yake ci: wanda jikinsa ya fi kai iskar oksijin ga tsoka a minti guda, shi ne a gaba. Jajayen ƙwayoyin jini ne ke dakon iskar. Duk uwar da ta kai yaro likita a Tasawa lokacin zazzaɓin damina ta san yadda ƙarancin jini ke sa haki. Nasa kuwa yawa ya yi: jajayen ƙwayoyin sukan kai kashi 68 cikin ɗari na jininsa, alhali na lafiyayyen namiji wajen 45 ne. Ƙarin jini ake masa a ɓoye? Ga shi a 1972 gwaji ya kama shi da amfetamin.

An gano ɓarawo ke nan?

A'a. Amfetamin ba ya ƙara jini. Kuma wasu danginsa da ba su taɓa tsere ba, su ma haka jininsu yake.

A 1993 Albert de la Chapelle da abokan aikinsa a Jami'ar Helsinki suka kwance ƙullin. Sun gwada mutum 97 daga zuriyar, 29 na ɗauke da sauyi guda a ƙwayar halittar gado. Idan iska ta yi ƙaranci, ƙoda kan saki sinadarin EPO, ya je ɓargo ya ba da umarni a ƙera jini. Makarɓar wannan saƙo a ɓargo tana da birki a wutsiyarta, mai cewa ya isa haka. A wannan gida wutsiyar guntulalliya ce, birkin ya tafi da ita. EPO ɗan kaɗan, ɓargo ya yi ta aiki ba tsayawa. Abin da wasu 'yan tseren keke suka riƙa saye da allura a shekarun 1990, shi da shi aka haife shi.

Horo dai ya sha, kada a raina masa. Amma ɗan 'yar'uwarsa, Pertti Teurajärvi, mai irin wannan jini, shi ma ya ɗauko zinariya a tseren karɓa-karɓa na Olamfik ɗin 1976.