Yaron da Likitoci Suka Fid da Rai da Shi: Maganar Wa Za a Bi?

An haifi Charlie Gard a Landan ranar 4 ga Agusta 2016, lafiya lau a idon kowa. Bai cika wata uku ba aka kwantar da shi a asibitin yara na Great Ormond Street, numfashi yana gagarar sa. Gwaji ya nuna wata cuta ta gado da ba kasafai ake ganin ta ba, wadda ke lalata mitokondiriya, wato ƙananan sassan da ke cikin ƙwayoyin jiki masu mayar da abinci ya zama ƙarfi. In suka gaza, tsoka da ƙwaƙwalwa su ne ke fara jin jiki. Haka yaron ya kai ga ba ya motsa hannu ko ƙafa, ba ya ji, ba ya numfashi sai da na'ura.

Iyayensa sun samu labarin wani likita a Jami'ar Columbia ta Amurka, Farfesa Michio Hirano, mai gwada wani magani a kan masu wata cuta dangin wannan. Ba a taɓa gwada shi a kan irin ta Charlie ba, ko da a jikin ɓera. Da farko asibitin ya yi niyyar jarrabawa, amma a farkon 2017 farfaɗiya ta yi ta kama yaron, likitoci suka ce ƙwaƙwalwar ta riga ta lalace, maganin ba zai amfane shi ba, tsawaita wahala kawai zai yi. Iyayen suka ƙi yarda, suka nemi taimakon jama'a ta intanet, aka tara musu fiye da fam miliyan 1.3 don su kai shi Amurka.

Daga nan magana ta koma kotu. Ranar 11 ga Afrilu 2017 Mai Shari'a Francis na Babbar Kotu ya amince a cire na'urar. Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli ba su sauya hukuncin ba, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ma ta ƙi tsoma baki. Fafaroma Francis da Shugaba Donald Trump duk sun sa baki, wani asibitin yara na fadar Vatican ya ce a kawo shi Roma. A watan Yuli aka koma gaban alƙali, Hirano ya zo Landan, aka sake ɗaukar hoton jikin yaron. Abin da hoton ya nuna ya sa iyayen suka janye ƙara ranar 24 ga wata, suna cewa lokaci ya riga ya ƙure. Charlie ya rasu ranar 28 ga Yuli, saura mako ɗaya ya cika shekara.

Me ya sa kotu ta iya hana iyaye ɗaukar ɗansu, alhali kuɗin ma ba na gwamnati ba ne? Dokar Ingila ba ta ɗaukar yaro a matsayin mallakin kowa. Dokar Yara ta 1989 ta ɗora wa iyaye alhakin kula da shi, ta kuma ce in aka je kotu, maslahar yaron ce ke gaba da komai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara, ita ma ta 1989, a kan wannan ƙa'ida take, haka Dokar Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003. Saboda haka ake naɗa wa yaron wakili nasa na kansa a kotu, daban da lauyan iyaye da na asibiti. Ƙa'idar tana da amfani ƙwarai. Ita ce ke ceton jaririn da iyayensa suka hana a ƙara masa jini, kamar yadda Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar a wani hukunci na 2019.

Sai dai ceton yaron da magani zai warkar daban, hukunci a kan yaron da ba zai tashi ba daban. Likita ya san abin da hoto ya nuna, ya san abin da magani zai iya da wanda ba zai iya ba, kuma bai kamata a tilasta masa yin aikin da ya san cutarwa ce ba. Amma ko 'yan makonnin da suka rage sun cancanci a yi fafutuka dominsu, ko tafiya mai nisa kan ɗan ƙaramin fata ta dace, wannan ba tambayar kimiyya ba ce. Tambaya ce ta imani da tarbiyya da abin da iyali ke ɗauka da daraja. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma iyayen ne za su rayu da hukuncin bayan kowa ya watse.

Kotun Ingila kanta ta taɓa komawa ɓangaren iyaye. A 2019 wata yarinya Musulma 'yar shekara 5, Tafida Raqeeb, ta samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa bayan jijiyar jini ta fashe mata. Likitocin Landan suka nemi a cire na'ura, iyayen suka nemi kai ta asibitin Gaslini da ke Genoa a Italiya. Mai Shari'a MacDonald ya duba cewa babu alamar tana jin zafi, akwai ƙwararrun likitoci da suka yarda su karɓe ta, ya kuma yi la'akari da addinin da ta tashi a ciki. Ya ba da izini aka tafi da ita.

A ganina, nan ne ma'aunin ya kamata ya tsaya. Maganar iyaye ce za a bi, sai fa in an nuna cewa abin da suke so zai jawo wa yaron azaba ko lahani mai tsanani. Nauyin kawo hujja ya hau kan mai son ƙwace hukuncin daga hannunsu. Wannan shi ne abin da iyayen Charlie suka yi ta kira a mayar doka bayan rasuwarsa. Masu adawa suna cewa jariri ba ya iya faɗin ciwonsa, kuma son ɗa yakan rufe wa mahaifi ido. Gaskiya ne, shi ya sa ba za a rufe ƙofar kotu ba. Kuma in yaron ya yi wayo, dole a tambaye shi, domin jikinsa ne ake hudawa da allura.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a bari rigima ta kai can. Watanni aka kwashe ana shari'ar Charlie, ma'aikatan asibiti suna samun saƙonnin barazana, iyaye suna raba lokacinsu tsakanin gadon ɗansu da zauren kotu. Mai Shari'a Francis da kansa ya ce ya kamata a riƙa gwada sulhu a irin wannan lamari. Tun ranar da aka gane cutar ba ta jin magani, a zaunar da iyaye a faɗa musu gaskiya da harshen da suke fahimta. A ba su damar jin ta bakin wani likita da suka zaɓa da kansu. A shigo da masu kula da rage raɗaɗi da wuri, a bar malaminsu ko limaminsu ya zauna a tattaunawar in suna so. In saɓani ya taso, a kira mai shiga tsakani wanda ba ma'aikacin asibitin ba ne, a kuma yi shi cikin kwanaki, domin kowane mako da aka ɓata a jayayya daga ɗan abin da ya rage wa yaron ake cire shi.