Shehu Shagari: Malamin Makarantar da Ya Mulki Nijeriya

Gabatarwa

Ni ba Bahaushe ba ne. A garinmu Ashige, cikin ƙaramar hukumar Lafiya, na koyi Hausa a kasuwa da kuma bakin rediyo. Tun ina yaro nake jin kakana yana cewa "zamanin Shagari" duk lokacin da aka ɗauko zancen takin zamani ko tsadar shinkafa. Sai da na shigo jami'a na gane cewa mai wannan suna namu ne, domin shi ya rubuta Waƙar Nijeriya a 1948, don koya wa yara labarin ƙasa. Wannan ya sa na bi diddigin rayuwarsa.

Daga Aji Zuwa Fadar Mulki

An haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925 a ƙauyen Shagari na ƙasar Sakkwato. Ya yi koyarwa a Sakkwato da Argungu kafin a zaɓe shi ɗan majalisar wakilai a 1954. Ya riƙe minista a Jamhuriya ta Farko, sannan kwamishinan kuɗi na tarayya daga 1971 zuwa 1975.

A 1979 ya tsaya takara a jam'iyyar NPN. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Ya samu a 12, ya gaza a Kano, har sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama. Ranar 1 ga Oktoba aka rantsar da shi, zaɓaɓɓen shugaba na farko bayan yaƙin basasa.

Abin da Ya Bari

Ya yi wa Gowon afuwa a 1981, ya yi wa Ojukwu a 1982, don a rufe babin gaba. Ya ɓullo da shirin bunƙasa noma, ya gina gidaje masu sauƙin kuɗi. Shi ya sa ake samun unguwa mai suna Shagari Kwatas a Kano da wasu garuruwa.

Sai dai farashin man fetur ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982. A 1983 aka kori ɗimbin baƙi, akasarinsu 'yan Ghana. Ga zargin cin hanci a kan muƙarrabansa, musamman wajen shigo da shinkafa. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da gwamnatinsa. An tsare shi har 1986, amma ba a kama shi da laifin sata ba. Ya rasu a 2018 yana da shekara 93.

Kammalawa

A ganina, 'yan'uwa ɗalibai, darasin shi ne: tsarkin hannun shugaba bai isa ba muddin bai iya tsawata wa na kusa da shi. Kakana yana yabon halin Shagari, amma bai manta da tsadar shinkafar ba. Allah Ya jiƙan Turakin Sakkwato.