Abin da ya kamata ku sani: yadda ake ƙalubalantar hukunci mai sassauci a Ingila

A watan Yunin 2013, wata kotu a Ingila ta ɗaure Stuart Hall, tsohon mai gabatar da shirye-shirye a BBC, wata 15 bayan ya amsa laifin cin zarafin yara mata 13. Jama'a suka ce da sake. Antoni Janar na lokacin, Dominic Grieve, ya kai maganar Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma a watan Yuli aka ninka ɗaurin zuwa wata 30.

Shekaru 25 kafin haka, ba a da wannan dama. Wanda aka ɗaure yana iya kukan cewa an yi masa tsanani, amma idan alƙali ya yi sassauci, magana ta ƙare. Dokar Shari'ar Laifuka ta 1988 ce ta buɗe ƙofar a Ingila da Wales, a sashe na 35 da na 36, aka fara aiki da ita a 1989.

Kowa na iya kai koke. Ba sai wanda aka zalunta ko danginsa ba; mutumin da ya karanta labarin a jarida, ransa ya ɓaci, yana iya rubuta wa ofishin Antoni Janar. Ba a biyan ko kwabo, ba a buƙatar lauya, kuma koken mutum ɗaya ya isa a buɗe fayil. Haka kuma, sa hannun mutum dubu ba zai ƙara wa koken nauyi a idon doka ba.

Sai dai ba kowane hukunci ake taɓawa ba. Dole ya fito daga babbar kotun laifuka, ba kotun majistare ba, kuma laifin ya kasance cikin waɗanda aka lissafa: kisan kai, fyaɗe, fashi, wasu laifukan lalata da yara, wasu na miyagun ƙwayoyi da manyan zamba. A 2017 an ƙara wasu laifukan ta'addanci, a 2019 aka shigar da bibiyar mutum ana tsoratar da shi, da kuma danne miji ko mata ta hanyar tursasawa.

Antoni Janar ko mataimakinsa ne ke duba fayil ɗin da kansa, tare da bayanin masu gabatar da ƙara da kalaman alƙali lokacin yanke hukunci. Idan ya gamsu, sai ya miƙa wa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Iyakar ikonsa ke nan. Ba ya iya ƙara wa kowa ko kwana ɗaya a kurkuku. Alƙalai ne ke yanke magana, kuma ma'aunin da Alƙalin Alƙalai Lord Lane ya kafa a 1989 yana da tsauri. Bai isa a ce da wani alƙalin ne da ya fi zafi ba. Sai an nuna hukuncin ya fita daga cikin iyakar da alƙali mai adalci, wanda ya auna komai, zai iya tsayawa. Ko da an nuna hakan, kotu na da damar barin hukuncin yadda yake.

Shari'ar ɗan sanda Andrew Harper ta nuna wannan tsauri. A watan Agustan 2019 ya je kiran sata a Berkshire, igiyar da ke ɗaure a motar ɓarayin ta kama ƙafarsa, suka ja shi a kan titi fiye da mil guda har ya rasu, wata ɗaya kacal bayan aurensa. An sami matasa uku da laifin kisa ba da niyya ba. Direban ya sami shekara 16, sauran biyun 13 kowannensu. Antoni Janar Suella Braverman ta tsaya gaban alƙalai da kanta tana neman ƙari, amma a watan Disamban 2020 kotu ta ƙi. Matar marigayin ta koma ga majalisa, kuma a 2022 aka yi dokar da ta wajabta ɗaurin rai da rai ga wanda ya kashe ma'aikacin agajin gaggawa yayin aikata laifi.

Ni a ganina, a wannan rabon aiki ƙarfin tsarin yake. Antoni Janar ɗan siyasa ne, minista ne, kuma shi ne babban mai bai wa gwamnati shawara kan doka. Yana jin hayaniyar jaridu kamar kowane ɗan siyasa. Shi ya sa al'ada ta ɗora masa cewa, a irin wannan aiki, maslahar jama'a kaɗai zai duba, ba umarnin Firayim Minista ba; Antoni Janar na wancan lokaci, Hartley Shawcross, ya fayyace wa majalisa wannan ƙa'ida tun 1951. 'Yan majalisa na iya titsiye shi da tambayoyi, alƙalai kuma na iya watsa masa ƙasa a ido a bainar jama'a. Mai karatu a Najeriya ya san wannan kujera mai hula biyu, domin tsarin mulkin 1999 ya haɗa Antoni Janar da Ministan Shari'a a jikin mutum ɗaya.

Inda nake da ja shi ne wa'adi. Dokar 1988 ta ba da kwana 28 daga ranar yanke hukunci, kuma cikinsu ne ofishin zai karɓi koke, ya nemo takardu, ya nazarta, ya shigar da ƙara. Hujjar ita ce wanda aka ɗaure ya cancanci sanin makomarsa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma shi fursuna kotu na iya karɓar ƙararsa ko ya makara, idan ya kawo dalili. Iyalan da ke cikin makoki kuwa sun sha kokawa cewa ba wanda ya gaya musu suna da wannan haƙƙi. Wata uwa da aka kashe mata ɗa a Landan ta aika kokenta a rana ta 28 da dare, aka ce an riga an tashi daga ofis. Wanda duk ke da niyyar kai koke, ya kai shi tun makon farko, da sunan wanda aka hukunta, da kotun, da ranar hukunci.